Zuwa ga ƴan'uwana masu gyaran waya, masu caji da masu wifi na Tawa: mu rage cewa "bani kod"

Assalamu alaikum.

Gaisuwa ga manyanmu da suka riga mu zama a teburin gyara tun zamanin Nokia mai tocila, da tsarana, da ƙannenmu aparanti, da masu wurin caji, da masu tura waƙa da fim da wa'azi a memwar, da ku sabbin shiga masu saida tiken wifi cikin unguwanni. Ni ɗaya ne daga cikinku, shekara 13 kenan ina sana'ar nan a Tawa, da ita na yi aure da ita nake ci da iyali, to in kun ji magana mai ɗaci a nan ku sani da kaina na fara. Na sha ɗauko zancen nan a fada wajen shayi, kullum sai a maida shi raha, wani ya ce "to ustaz ya fara", shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta shi kaɗai, wanda bai iya karatu ba dan Allah a karanta mishi.

Bara bayan girbi, ranar Lahadi ta kasuwa, wata baiwar Allah ta zo daga ƙauye da waya ekran ya fashe. Mijinta yana Abijan ci-rani, shekara 2 bai zo gida ba, kun dai san Adar, gida nawa ne ba su da mutum a Abijan ko Libiya ko Aljeriya. Shi ya aiko mata wayar, kuma wayar nan ita ke riƙe da auren, vokal da safe vokal da dare, hoton yara, hoton kwalliyar sallah, da wasu hotunan da mace ke turawa mijinta wanda ba na idon kowa ba ne. Na ce jika 9, muka daidaita a 8. Sai na faɗi abin da dukkanmu muke faɗi ba tare da mun ma ji kanmu ba, na ce "bani kod", wato makullin buɗe wayar. Ba lamba ba ce zane ne, ta sa yatsa ta zana min shi a cikin ƙurar teburi, har da dariya ta ce kamar harafin L ne in ji ɗanta, ta tahi cefanenta. Na canza ekran, aka kira azahar, na bar wayar wurin yarona na tahi masallaci.

Bayan sati 3 sai ga wan mijinta a gabana, dattijo mai sanyin magana, ya ce yana son ganina gefe. Ashe hotonta biyu sun shiga wani gurup na samari, daga nan suka yi ta tafiya hannu zuwa hannu har suka kai Abijan wurin waɗanda mijin ke kwana ɗaki ɗaya da su. Shi mijin abin da ya zo mishi a rai shi ne wani namiji ta turawa, ya aiko da vokal cikin fushi ta tattara ta koma gidansu. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Wan mijin ne Allah ya ba natsuwa ya tambaye ta, ban da ke wa ya taɓa riƙe wayar nan a buɗe? Ta ce mai gyara.

Na amshi wayar yarona a gaban dattijon na buɗe Xender, aplikasiyon ɗin tura kaya daga waya zuwa waya, ga hotunan nan, ranar Lahadin, ƙarfe 2 da ƴan mintoci, lokacin da ni nake sahu ina sallah. Yaro ɗan shekara 17, ya fashe da kuka yana cewa wallahi mutum ɗaya kaɗai ya turawa. Mutum ɗaya. Dattawa suka shiga tsakani, ta koma ɗakinta bayan kusan wata 2, amma hoton da ya fita ya fita, ba mai iya bin wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya ya goge. Har yau in ta zo kasuwa ba ta bi ta layinmu, na gan ta sau biyu tana zagayawa ta wajen masu albasa.

Na sallami yaron, amma da na kwanta da dare sai na kasa ɗora mishi laifin duka. A ina ya koyi buɗe galerin mutane? A wurina. Sau nawa ya ga na canza ekran na shiga hotuna ina ja sama ina ja ƙasa wai ina gwada taci, sau nawa na kunna bidiyon kiliyan wai ina gwada sauti, har in na ga abin dariya in ce mishi kai zo ka gani. Ban taɓa kwafa ba, wannan gaskiya ne, amma ni na nuna mishi cewa wayar da aka bari a teburi ba ta da ƙofa. Kuma kar wani ya ce shi bai taɓa ba, mun san juna.

To tambayar da nake so mu yi wa kanmu, da gaske muna buƙatar kod ɗin nan? A aiki 10 ni dai na lura wajen 8 ba ma buƙata. Canza ekran, canza batiri, bakin caji, gilashin kamara, maɓallin kunnawa, duk waya na kulle ake gwada su. Taci kana gwada shi a wurin lambobin kiran gaggawa da kuma wurin buga kod ɗin kansa, kamara tana buɗewa waya na kulle, sauti da makirfo kuwa ka kira layin da taka wayar ka ji. Abin da ya rage, in mai waya ya dawo ya buɗe da hannunsa, ku gwada tare yana tsaye, minti 2 ne. In aikin dole sai an shiga ciki, kamar filashin, wato sake zuba wa waya tsarinta, ko matsalar aplikasiyon, to ya zauna a benci kusa da kai, ko ka gaya mishi gaskiya cewa za ka ga abin da ke ciki ya zaɓa. Kuma kafin ya juya baya a cire sim da memwar a miƙa mishi a hannu. Samsung ma tun 2022 sun sa wani abu Mode maintenance, mai waya ya kunna shi sai wayar ta koma kamar sabuwa, kai mai gyara ka yi aikinka ba ka ganin hoto ko saƙo, sai shi ya dawo ya buɗe da kod ɗinsa. Mu nawa ne muka taɓa nuna wa kiliyan wannan? Ni sai bayan abin nan ya faru na fara.

Kar ku ɗauka halin ƴan Tawa ne ko na talauci. A Kanada a 2022 masu bincike na jami'ar Guelph sun kai kwamfutoci gyara shaguna 12, sun ɓoye abin da ke rubuta duk inda aka taɓa, sai suka tarar a shaguna 6 masu gyara sun leƙa abin da ba ruwansu, a 2 har kwafa aka yi. A Amurka kuwa a 2016 wata ɗaliba ta aika iPhone ɗinta gyara, ma'aikata biyu na kamfanin da ke yi wa Apple gyara suka ɗora hotunanta na sirri a Facebook ɗinta kamar ita ta ɗora, daga baya aka ji Apple ta biya ta miliyoyin dalolin Amurka. Ita ta samu lauya da kotu da kuɗi. Ita kuwa matar da na yi wa gyara ba ta samu komai ba sai dai na mayar mata jika 8 ɗinta ta hannun dattijon, shi ma da kyar ya amsa.

Akwai wani abin da ya fi galeri haɗari kuma kusan kowane teburi yana da shi, littafin kod. Mutum ya sayi sabuwar waya bai iya karatu ba, ya ce buɗe min WhatsApp, ka buɗe mishi Gmail da sunan da ka ga dama, modpas kuma lambar wayarsa ko sunansa da 1234, ka rubuta a kaye ɗinka. Hujjarmu ita ce in an formate wayar za ta nemi wannan Gmail ɗin kafin ta buɗe, shi kuma ya manta, sai ya dawo ya kama ka da rigima. Hujja ce ta gaskiya ban musa ba. Amma ku duba abin da ke cikin kayen nan, wanda ya riƙe Gmail ɗin mutum zai iya ganin lambobin da ya ajiye, da hotunansa in suna hawa can, zai iya ganin inda wayar take a taswira, zai iya ma goge ta daga nesa. Kayen kuma yana cikin durowa ba makulli, aparanti na buɗawa, abokin aparanti na buɗawa, wata rana iska ta ɗauke shafi mai ƙosai ta naɗe da shi. Abin da nake yi yanzu, in na buɗe wa mutum sai in rubuta mishi a ƴar takarda in ce ya kai gida ya sa inda yake ajiye takardar gona ko katin ɗan ƙasa, ni ba na riƙe komai. Wani dattijo na ba shi, gobe ya dawo na ga ya liƙa takardar a bayan wayar cikin kwalinta, tare da kod ɗin kuɗinsa da ɗansa ya rubuta mishi. In ɓera da sata daddawa ma da wari, na sani, amma shi bai san wari yake ba, ni na sani, to ni ne zan zaunar da shi in gaya mishi wanda ya tsinci wayar nan ya tsinci har da makullin.

Ƴan'uwa masu caji, ku naku ya ma fi namu yawa, don mu waya 10 ko 15 muke gani a yini, ku kuwa ranar kasuwa ko ranar da wuta ta ɗauke sai ka ga allo cike, kowace da ƴar lambarta a kwali, dala 10 dala 20. Kuna cewa ai a kulle suke. To saƙo yana fitowa a saman ekran ko waya na kulle, in ba a hana shi ba. Mai son sace WhatsApp ɗin mutum lambarsa kawai yake buƙata, ya sa ta a wata waya, WhatsApp ta aiko da lamba 6 ta saƙo, ya leƙa allonku ya karanta, shi kenan ya zama shi, ya shiga turawa ƴan'uwansa na Libiya cewa ina asibiti a turo kuɗi ta wannan sunan. Wanda ya san kod ɗin wayar kuwa ko wannan wahalar ba ya yi, minti 1 ya ishe shi ya haɗa WhatsApp ɗin da wata na'ura, tana ɗaukar har 4, ya zauna gida yana karanta komai mai waya bai sani ba. Maganin ba wuya. Ku nuna wa mutane wurin da aka rubuta Appareils connectés a cikin WhatsApp, inda ake ganin na'urorin da aka haɗa, su riƙa leƙawa, abin da ba su sani ba su cire, ku sa su kunna Vérification en deux étapes da lamba 6 tasu ta kansu wadda kai ma ba ka sani ba, ka juya kai lokacin da yake bugawa. Waya kuma in an kawo caji a kashe ta gaban mai ita, ta ma fi saurin cika. Kuma dan Allah a daina barin kowane ɗan zaman kashe wando yana shiga bayan allo wai yana neman tasa.

Masu saida wayoyi na hannu, magana ɗaya biyu. Goge hoto da yatsa ba gogewa ba ne, mu da muke dawo wa mutane da hotunan da suka ɓata mun fi kowa sani. Kamfanin Avast a 2014 ya sayi tsofaffin wayoyin Android 20 da masu su suka ce sun goge, ya tono hotuna sama da 40,000 daga ciki. Wayoyin yanzu sun fi, don abin da ke cikinsu a murɗe yake, in aka cire Gmail aka formate yadda ya kamata to da wuya a tono, amma tsofaffin nan da memwar har yanzu suna tonuwa. Memwar da aka manta cikin wayar da ka saya ba ganima ba ce. Sannan wayar da yaro ya kawo da dare bai san kod ba bai san Gmail ba yana cewa ta yayansa ce a cire mishi, kai ma ka san amsar. Buga *#06# ka ga lambar nan mai 15 ta jikin waya ka rubuta tare da sunan wanda ya kawo, za ka ga rabinsu sun ce bari su je su dawo.

Yanzu ga wanda zai ɓata wa wasu rai. Masu turawa, GB WhatsApp ɗin nan, wato WhatsApp na jabu, da ƴan'uwansa da muke zuba wa mutane ta Xender a dala 20, wa ya ƙera su? Ba wanda ya sani a cikinmu. Mutane na so don ana ganin saƙon da aka goge, ana ɓoye cewa kana kan layi, ana ajiye hoton gani ɗaya. Amma ka ɗauki duk hirar mutum da matarsa da abokin cinikinsa ka miƙa wa wanda ba ka san fuskarsa ba, WhatsApp na ainihi kuma suna rufe layin da suka kama da shi, sai kiliyan ya dawo yana kuka an rufe mishi lambar da duk ƴan Abijan suka sani. Haka wasannin da aka fasa, da aplikasiyon na tocila ko na goge datti da ke neman izinin lambobinka da makirfo da wurin da kake. Tocila me za ta yi da lambar surukarka? A Amurka a 2013 hukuma ta kama wani mai aplikasiyon ɗin tocila da mutane miliyoyi suka sauke yana miƙa wa ƴan talla wurin da suke. Wani lokacin ma cutar daga cikin kwali take zuwa, a 2020 wani kamfanin bincike ya bayyana cewa Tecno W2 wajen 53,000 a ƙasashe irin su Habasha, Kamaru, Gana, Masar da Afirka ta Kudu sun zo da mugun abu a ciki mai suna Triada, yana yi wa mutum rajistar abubuwan biya a ɓoye yana cinye kredi da forfe, masu ƙera wayar suka ce daga wani mai kawo musu kaya ne kuma sun fitar da gyara. To in sabuwa dal za ta iya zuwa da haka, ina ga abin da muka kwaso daga wayar wani, shi ma ya kwaso daga wayar wani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma a dala 20 muke tsaga shi.

Masu wifi, barkanku da sabuwar sana'a, tun da Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo kowace unguwa sai ka ga samari sun jeru jikin bango da dare fuska na haske. Ba zan tsorata mutane da ƙarya ba, mai wifi ba ya karanta saƙon WhatsApp, tun 2016 a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya. Amma yana iya ganin wace waya ta shigo, ƙarfe nawa, waɗanne shafuka ta nufa, kuma a gari irin namu da kowa ya san kowa wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, kar in ji an zauna a fada ana cewa ɗan wane kaza yake kallo ƙarfe 2 na dare. Babban haɗarin shi ne wani ya buɗe wifi da suna irin naka sak, ya sa shafi mai cewa ka shiga da Facebook ɗinka ka samu awa 1 kyauta, yara su yi ta zuba mishi modpas. Ku gaya wa kiliyan ɗinku da baki, lambar tike kaɗai muke tambaya, duk shafin da ya nemi wani abu ba namu ba ne. Sannan akwatin wifi ɗin kansa, na shiga gidaje da shaguna da yawa gyara na tarar sunan shiga admin modpas admin yadda ya fito daga kwali, haka kamarorin da alhazai ke sawa a shago da tsakar gida, wanda ya ɗaura musu ya tahi da modpas a wayarsa yana iya kallon tsakar gidan mutum da iyalinsa duk sanda ya so. Kar ku raina wannan. A 2016 wata cuta mai suna Mirai ta bi kamarori da akwatunan intanet da ba a canza musu modpas ba ta maida su rundunarta, wani Bature ɗan Ingila Daniel Kaye ya yi amfani da irinta ya afka wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya har intanet ɗin ƙasar ya durƙushe, a 2019 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8. Da kamarorin mutane irin na alhazanmu aka yi wannan aikin, masu su suna barci.

Kusan kowane sati sai wani ya sunkuyo ya rage murya ya ce min, malam duba min ko ana saurarena. Ya ji labarin Pegasus, abin leƙen waya, a rediyo. Eh akwai shi, na wani kamfani ne na Isra'ila NSO, a 2019 WhatsApp ta ce an bi ta kanta an kai wa mutum wajen 1,400 hari da kira kawai ko ba ka ɗauka ba, cikinsu har da wani bishop da ƴan adawa a Togo nan kusa. Amma wannan kaya ne mai tsadar gaske da gwamnatoci ke saye, ba a ɓata shi kan mai saida goro. In na duba wayar mai tambayar abin da nake samu kullum na gida ne, WhatsApp ɗinsa a haɗe da wata na'ura, ko ƙaninsa ya san kod, ko wani cikinmu ne ya sa mishi abu.

Eh, wani cikinmu. Kun san mazan da ke zuwa da wayar matarsu ko ta budurwa a aljihu, su ce akwai aikin jika 10, a sa mata abin da zai riƙa turo min saƙonninta. Mata ma suna zuwa da ta miji, kishiya da ta kishiya. Na san akwai teburan da ke amsar wannan aikin, har ana yi musu kirari wai sun iya. Ni na taɓa yi sau ɗaya da daɗewa, ina sabon buɗe teburi ina neman kuɗin haya, ban san yadda suka ƙare ba kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba. Allah ya ce a Suratul Hujurat kar ku yi tajassusi, wato leƙen asirin mutane, bai ce sai dai in matarka ce ba, kuma wanda ya haɗa wayar yana da kasonsa. In mutum yana zargin iyalinsa akwai waliyyai akwai malamai akwai alƙali, teburin gyara ba kotu ba ne. Wani ya ce min ai in ban yi ba na gaba zai yi. To shi ya sa ba kai kaɗai na rubuta wa ba.

Wanda tsoron Allah bai hana shi ba ya san akwai doka. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sake sabuwa a 2022, akwai hukuma a Yamai da ake kira HAPDP da aikinta kenan, sannan dokar laifukan intanet ta 2019 ta haɗa da shiga na'urar mutum ba da izininsa ba. Ranar da wata mai ƙarfin hali ko mai ɗan'uwa lauya za ta wuce komisariya kai tsaye maimakon wurin dattawa, ba aparanti kaɗai za a tambaya ba, za a ce teburin wa. Haka masu yi wa baƙo rajistar layi da katinsu don ya ba da ɗari biyu, duk abin da aka aikata da layin nan sunanka ne a rubuce, a wannan zamanin da muke ciki na rashin tsaro ba sai na yi dogon bayani ba.

Ni a ganina sana'armu ta koma irin ta ungozoma da wanzami da mai wankan gawa, mutanen da ake buɗe wa abin da ba a buɗe wa kowa don dole, kuma tun muna yara ba mu taɓa jin ungozomar unguwarmu ta zauna tana ba da labarin abin da ta gani ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Su an tarbiyyantar da su a kan haka kafin a ba su aska. Mu kuwa muna koya wa yaro cire ekran da ɗaura bakin caji cikin wata 6, ba mu taɓa zaunar da shi minti 5 mun ce mishi wayar mutane ɗakin mutane ce, ba a shiga sai da sallama.

Abin da nake roƙo ba kuɗi ba ne ba ƙungiya mai shugaba da ma'aji ba. Manyanmu su kira mu zama ɗaya, mu yarda a kan ƴan abubuwa, a rubuta da Hausa da ajami da Faransanci a liƙa a kowane teburi inda kiliyan zai gani: ba ma amsar kod sai dole, cire sim da memwar ɗinka, ba ma sa abin leƙe a wayar kowa. Yaron da aka kama ya kwafi abin mutane kar teburi na gaba ya ɗauke shi washegari kamar ba a yi komai ba, amma kuma kar a jefar da shi, a zaunar da shi a gaban manya. Nawa yaron yanzu yana wurin wani kawunsa yana koyon walda, na je na same shi mun yi magana, na ba shi haƙuri a kan nawa kason. In mun haɗu kuma mu rubuta wa hukumar nan ta Yamai mu gayyace su su zo su yi mana bayanin dokar da Hausa, mu nemi gidajen rediyon gari su ba mu ko minti 15 a sati mu riƙa gaya wa mutanen ƙauye irin waɗannan abubuwan, don wadda ta zana min kod a ƙura ba za ta taɓa karanta wannan rubutun ba.

Kayena na kod yana nan ban ƙona ba tukuna, don in na ƙona wasu sun rasa Gmail ɗinsu kenan. Suna 214 na ƙirga a ciki. Kullum bayan la'asar ina kiran mutum 3 ko 4 in ce su biyo in sun shigo gari mu canza modpas su tahi da abinsu, wanda ya zo sai in yage layinsa a gabansa. Na kai 61. Wasu layin ba ya shiga, biyu an ce min sun rasu, wani tsoho kuma daga wajen Kalfu da na kira shi jiya ya saurare ni har na gama sannan ya ce, ɗana, ni yaushe na ba ka ajiyar wani abu?

Wassalam.
Ɗan'uwanku mai gyaran waya, Tawa.